Wa Ake Yi Wa Kiɗan? Tarihin Taron Waƙa na Kiristocin Ƙasar Suleja

Da zarar hunturu ya kankama, daga farkon Disamba har shigowar sabuwar shekara, coci-cocin ƙasar Suleja, tun daga cikin gari har Madalla da Diko da ƙauyukan Gbagyi na gindin duwatsu, sukan shiga hidimar waƙa. Akwai daren waƙoƙin Kirsimeti, akwai gasar 'yan kwaya tsakanin ekklisiyoyin gunduma ɗaya, akwai taron zumuntar mata, ga matasa da wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, wani yaro ya naɗa rawani ya zama Hirudus, wasu su yafa bargo su zama makiyaya. Tare da hidimar gardama takan taso, iri ɗaya kowace shekara. Dattijon ekklisiya zai ce abin ya tashi daga sujada ya koma biki, tunda ga rawa, ga jita mai lantarki, ga baƙin fuskoki cike da harabar coci. Matasa su ce bishara ba ta da kari guda, duk wanda ya zo ya saurara an ci riba. Dukkansu amsar tambaya ɗaya suke nema: mene ne ke sa taron kiɗa da waƙa ya zama na Kirista, mene ne kuma ke tuɓe masa wannan suna? A ganina an daɗe ana neman amsar inda ba ta nan. An neme ta a jikin ganga, an neme ta a harshe, an neme ta a fuskokin 'yan kallo. Alhali a ƙasar Hausa, tun kafin mishan ya sa ƙafa, ana gane kiɗa ne da mai shi, wato wanda ake yi dominsa, kuma wannan tsohon ma'auni ya fi duk sauran iya auna taron coci.

Suleja ta san wannan ma'auni sarai. Da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarki Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa, ya rasu a 1825 a wajen Lapai, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin da aka kira Abuja, wato Suleja ta yau, a 1828. Sun taho da sarautunsu da tamburansu da tsarin fadar Zazzau ta dā, har ma masani M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, sai da ya jingina da bayanan Malam Hassan na Abuja kafin ya iya zana yadda fadar Haɓe take. Sunayen mazaɓu irin su Magajiya da Wambai har yau waɗannan sarautu suke tunawa da su. A irin wannan fada kiɗa ba ya yawo sakaka. Tambari da kakaki na sarki ne, kowane basarake da takensa, in an buga ko da tsakar dare ne mutum yana kwance zai san wanda ke tafe. Haka abin yake a wajen fada: mahauta da kalangunsu, manoma da gangar noma, mafarauta da garaya. Narambaɗa mawaƙin Sarkin Gobir na Isa ne, Ɗan Anace kuwa da Shago aka san shi. Sai dai a lura, alamar da ke jikin abin kiɗa aro ce daga ubangida, in ubangida ya sauya takan sauya. Mamman Shata ya ɗauki kalangun mahauta ya yi wa sarakuna waƙa da shi, ya yi wa direbobi, ya yi wa attajirai da malaman asibiti, kuma babu wanda ya taɓa jin waƙar Shata ga wani sarki ya ce ta mahauta ce. Sunan da aka kira a cikinta shi ya nuna ta wa ce.

Masu mishan na farko ba da wannan fahimta suka zo ba. Turawa sun ci Abuja a 1902, kuma bisa alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa addini ba, an taƙaita wa mishan shiga biranen Musulmi. Saboda haka ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893 kuma ta kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902, ta nufi ƙauyukan Gbagyi, ta zauna a wurare irin su Paiko da Karu da Kuta, daga baya Diko. A can arewa kuma Likita Walter Miller na CMS ya zauna cikin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Yaruka sun yi yawa, ma'aikata kaɗan ne, sai Hausa ta zama harshen wa'azi da makaranta. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aka kuma haɗa masa Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke cikinsa an juyo shi ne daga waƙoƙin cocin Ingila da Amurka, aka bar musu karinsu na asali. A nan aka sami tangarɗa. Waƙar Hausa kan nauyin gaɓa take tafiya, doguwa da gajera, ga kuma hawa da saukar murya da ke rarrabe ma'ana. Karin Turawa bai san da wannan ba, sai ka ji an ja gaɓar da ya kamata a datse, murya ta hau inda magana ke sauka. Ana rerawa ko dai ba kiɗa, ko da ƙaramar ogan ta gidan mishan, jama'a a tsaye ƙiƙam, ganga kuwa an bar ta a waje tare da giya da tsafi. Wato a wancan zamani shaidar waƙar Kirista ita ce rashin kamarta da duk wata waƙa ta garin.

Bai kamata a yi saurin ɗora wa Turawan laifin jahilci ba, domin hujjarsu tana da nauyi, kuma sau da yawa sababbin masu bi ne da kansu suka fi tsananta hanin. Mutumin da ya tashi a gidan da ake buga wata ganga ranar yanka wa kakanni, ko ya ga yadda goge da garaya ke hawar da bori, ba zai ji wannan sauti ya zauna lafiya ba. Kunnensa ya riga ya san wanda ake kira da shi. Wannan gaskiya ce, amma gaskiyar mutum ɗaya ce a zamani ɗaya, ba hukuncin fatar akuya da itace ba har abada. Littafin da mishan ɗin suka fassara da hannunsu ma ya ba da shaida a kansu. Da suka zo kan kayan kiɗan Dawuda, ba su sami sunan da Bahaushe zai gane ba sai molo da garaya. A labarin Sarki Saul, kiɗan Dawuda ne ke kwantar da mugun ruhun da ke damun sarki, alhali a ƙasar Hausa da garaya ake kiran iskoki su sauko. Abin kiɗa ɗaya, aiki biyu masu karo da juna, bambancin yana ga wanda makaɗin ke fuskanta. Musulmi ma sun bi ta wannan hanya. Malaman jihadi sun yi suka mai zafi ga kaɗe-kaɗen fadar Haɓe, amma Nana Asma'u da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis ɗin 'Yan Taru. A Kano Shaihu Nasiru Kabara ya tsaya wa bandiri a zikirin Ƙadiriyya, masu suka suka yi ta suka, kuma har gobe wanda ya ji bandirin maukibi ba ya ɗaukarsa kiɗan gidan biki.

A cikin coci, waɗanda suka warware wannan ƙulli mata ne, kuma ba da muhawara suka warware shi ba. Zumuntar mata ta fara ne a matsayin taron addu'a da taimakon juna, ranar haihuwa da jinya da rasuwa, tun kafin cocin ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, sannan ta bazu har babu wata babbar ekklisiya a Arewa, ta Katolika ko ta Furotesta, da ba ta da irinta. Duk wanda ya taɓa ganin sun tashi ba da waƙa ya san tsarin. Suna sanye da zane iri ɗaya mai tambarin ekklisiya, da farar riga da ɗankwali. Masu kiɗa na zaune kan benci a gaba, ɗaya ta rungume babban tulu tsakanin ƙafafunta tana dukan bakinsa da faffaɗan soso, yana ba da amo mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Kusa da ita ga masu ƙananan tukwane, ga mai caki, ga mai buga ƙarfe tana riƙe wa kowa lokaci. Jagora ta ɗauko baiti, sauran su karɓa da amshi, ƙafa na tafiya a hankali gaba da baya. Baitin kuwa labarin Rut ne, ko na matar da ta taɓa gefen rigar Yesu, ko gargaɗi kan gulma da shan giyar maigida da kuɗin makarantar yara. Wannan tulu irin wanda matan Gbagyi ke ginawa ne tun kaka da kakanni, sana'ar da ta kai Ladi Kwali cibiyar tukwane ta Michael Cardew a garin Abuja na dā a 1954, ta kuma kai hotonta kan takardar naira 20. Kayan tsakar gida ne, dangin shantu da ƙwarya. Kuma kada a ce ai shi ya sa suka tsira daga zargi, domin da ƙwaryar nan matan kulle suka yi kiɗan bori. Abin da ya wanke kayan shi ne an ji a bakin matan wanda suke yabo, an kuma ga rayuwarsu a unguwa. Da shirin Sabon Rai Don Kowa ya tashi a farkon shekarun 1960, mawaƙansa suka ɗauki wannan salo na bayarwa da amshi suka shiga ƙauyuka da shi, gidajen rediyon bishara irin su ELWA da Muryar Bishara suka kai waƙoƙin Hausa inda ƙafa ba ta kai ba. Littafin Waƙoƙi bai mutu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a so ya mutu ba. Mutanen da suka binne iyayensu da waɗannan waƙoƙi sun riga sun mallake su, duk da karkacewar karin.

Akwai masu cewa matsalar tana ga harshen ne. Hausa, in ji su, ta jiƙu da Musulunci: Allah, Ubangiji, addu'a, aljanna, tuba, gafara, duk kalmomin da ake ji a masallaci ne, mai wucewa zai saurari rabin waƙar zumunta bai tantance ta coci ba ce. Wasu kuma ciwonsu na tarihi ne. Ƙasar Gbagyi ba ta manta hare-haren Nagwamatse na Kontagora ba, kuma a wurare da dama Hausa ta zo ne a bakin hakimi da mai karɓar haraji. Ban raina wannan ƙorafi ba, kuma taron waƙa da za a yi a ƙasar Suleja a rasa gurbin waƙar Gbagyi ko ta Koro ya ci zarafin masu masauki. Amma a ce Hausa ta wani addini ce shi kaɗai, tarihi bai yarda ba. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 J. F. Schön ya zauna da wani Bahaushe mai suna Dorugu suna juya Linjila zuwa Hausa. Wusasa ta haifi Kiristoci Hausawa da Fulani, cikinsu har da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma jigo a kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A ƙauyukan Maguzawan Kano da Katsina akwai ekklisiyoyin da ba su da wani yare sai Hausa. Manyan ƙungiyoyin coci ma da Hausa suka raɗa wa kansu suna, irin su Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya ta 1955 da Ekklesiyar 'Yan'uwa. Da Hausa ne matar Bajju da ta Ngas da ta Bura ke iya karɓar amshi ɗaya. Kalmomin da aka yi tarayya a kansu ba sa ɓoye bambanci, domin baitin da ya kira Yesu Mai Ceto, ya ambaci gicciye da tashi daga matattu, ya riga ya faɗi abin da Musulmi ba zai faɗa ba, ko da duk sauran kalmominsa daga bakin liman aka ji su.

Daga 1976, da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni, garin Abuja ya ba da sunansa ya karɓi Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Bayan gwamnati ta tare a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa da waɗanda hayar Abuja ta fi ƙarfinsu suka cika Suleja da Madalla, har ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 200,000. Suka zo da coci-cocin Fentikostal, da waƙoƙin Yarbanci da Ibo da Turanci, da ganguna na zamani. Kaset ya kawo Panam Percy Paul daga Jos, daga baya Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka sa waƙar bishara ta Hausa ta shiga motocin haya da shagunan aski, inda ba a tambayar addinin mai sauraro. A Legas kuma tun 2006 cocin House on the Rock ke tara dubban mutane kwana guda cur a dandalin Tafawa Balewa. Da taro ya girma haka sai tsoron dattawa ya koma kan ƙofa: in kowa na shiga, na wa ne? Turawa ma sun sha wannan gardama kan bikin Greenbelt da aka fara a Ingila a 1974, wanda ya riƙa gayyatar mawaƙa da masu jawabi da ba Kiristoci ba, har wasu coci-coci suka janye jiki. Amma shigar baƙo wurin kallo daban, miƙa masa jagorancin taro daban. Ranar hawan salla Kirista da Bamaguje kan tsaya a bakin hanya su kalli dawaki, ba a taɓa cewa hawan ya tashi daga na sarki ba.

Abin da ya fi baƙo haɗari ya biyo bayan jini ne. A 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja cikin Afrilu, wani ya tashi a wata coci a garin cikin Yuli, sannan ranar Kirsimeti aka kai hari cocin Katolika ta St. Theresa a Madalla daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga sujada, mutum fiye da 30 suka rasu, har da iyalan da suka ƙone cikin motocinsu. Kafin shekarar ta fita Shugaba Jonathan ya sa Suleja cikin ƙananan hukumomin da ya ƙaƙaba wa dokar ta-ɓaci. Tun daga nan taron waƙa ya sami shinge da masu binciken jaka a bakin ƙofa, kuma babu mai hankalin da zai zargi coci kan haka. Damuwata tana ga abin da ke iya shiga cikin baitin. Mawaƙin fada yana da makamai biyu bayan yabo, zambo da habaici, da su yake sukar abokan hamayyar ubangidansa. Jama'ar da aka zalunta tana iya wayar gari ta ga waƙarta ta koma habaici ga maƙwabta, ana tafi ana guɗa, ana jin daɗin an rama. Za a ce ai wanda aka kashe wa 'ya'ya yana da haƙƙin ya yi kuka, kuma haka ne, Zabura cike take da kukan waɗanda aka zalunta, wani wurin har da zafin da ke tayar da hankali. Sai dai makoki Allah yake fuskanta, yana tambayarsa dalili, yana neman ya yi shari'a. Zambo kuwa mutumin tsallaken titi yake fuskanta. Waƙar da ta juya ta kalli tsallaken titi ta sami sabon ubangida, wato ɓangare, ko da sunan Yesu na cikin kowane layi nata. A garin da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya suna hawa mota ɗaya zuwa aiki kowace asuba, lasifika ba ta tsayawa a katangar coci.

Ubangida na biyu da ke neman kujerar ya fi wannan laushin murya. Gwamnatoci sun gano daɗin taron waƙar Kirsimeti. Ta Akwa Ibom ta tara mawaƙa fiye da 25,000 a Uyo a Disambar 2014 har ta shiga kundin Guinness, ta Filato kuma ta fara nata a Jos a ƙarshen 2024, tsofaffin shugabannin ƙasa na halarta. A ƙananan taruka abin ya fi fitowa fili: uban taro, babban baƙo na musamman, mai ƙaddamarwa, a dakatar da 'yan kwaya tsakiyar waƙa domin mai girma ya iso, mai gabatarwa ya koma sanƙira yana jero sunaye da adadin abin da kowa ya bayar, mawaƙi ya saƙa sunan ɗan majalisa cikin amshi, a taso ana masa liƙi. Masu kare wannan suna da hujja. Janareto kuɗi ne, lasifika kuɗi ce, motar da za ta ɗauko mawaƙa daga ƙauye kuɗi ce, kuma tunda gwamnati na tallafa wa musabaƙar Alƙur'ani da aikin hajji, adalci ne Kirista ma ya sami rabonsa. Ban ce a ƙi karɓar gudunmawa ba. Amma coci ta daɗe da sanin bambancin baiko da liƙi. Baiko a dunƙule ake sa shi cikin jaka, ba a san na wane ya fi ba. Liƙi a goshi ake manna shi, a idon jama'a, kuma ladansa kirari ne nan take. Bahaushe bai taɓa ruɗewa kan ma'anar wannan ciniki ba: wanda ya yi liƙi aka kira sunansa, waƙar tasa ce.

Shi ya sa nake ganin zumuntar mata ta fi manyan dandamali riƙe amanar abin, ba don tulu ya fi jita tsarki ba. Taronsu da kuɗin wata-wata na membobi ake yin sa, da mudun hatsin da kowace ta kawo, su ke dafa abincinsu, su shimfiɗa tabarmi a ajin makaranta su kwana, shugabarsu kuma zaɓenta suka yi, suna iya sauke ta. Saboda haka suna iya tsayawa gaban fasto da dattawa da babban baƙo su rera baitin da ke sukar cin amana, ba wanda zai kashe musu makirufo. Kwamitin da ya karɓi kuɗin janareto daga hannun ɗan takara a Disamba ba shi da wannan 'yanci. Zai yi masa wuya ya hana shi minti goma a kan dandamali, kuma in shekarar zaɓe ce, minti goman nan ne za a yanka a watsa a wayoyi washegari, waƙoƙin da aka yi wata biyu ana koyo su zama abin da aka ji a bayan jawabinsa.